Izinin Iska Daban, Izinin Ƙasa Daban

Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce hira da juna ta rediyon oba-oba mai cin dogon zango, ba don kuɗi ba. A 2016, da hukumar gandayen daji ta Amurka ta cika shekara 100, ƙungiyarsu ta ARRL ta kira su su fita da na'urorinsu zuwa gandayen. Daga nan aka samu shirin Parks on the Air: wanda ya yi magana da tashoshi 10 daga cikin gandu a yini ɗaya, an ƙirga masa wannan gandun.

Sai gardama ta taso. Mai rediyo yana so ya jefa wayar eriya bisa bishiya, ya kafa turaku, wani har ya tayar da janareto. Ma'aikacin gandu ya ce reshe zai karye, ƙara tana korar namun daji, a nemo izini na musamman. Mai rediyo ya zaro lasisinsa na hukumar sadarwa.

A ganina, ma'aikacin ya fi gaskiya. Na daɗe ina rubuta wa Sarkin Zango takardun neman izini, na kuwa san hatimin wani ofishi ba ya buɗe ƙofar wani. Lasisin nan na iska ne. Bishiya da ƙasa amana ce a hannun wasu.

Masu hankali cikinsu sukan fara gaida ma'aikata, su zo da batir da eriya mai tsayuwa da ƙafafunta, su tashi ba su bar ko rami ba. Irinsu ba kasafai ake hana su ba.