Hutun Damina a Mirriya

Duk Agusta, lokacin hutun lakwal, mukan bar Yamai mu sauka a ɗan gidanmu na garka a Mirriya, kusa da Damagaram. Ɗaki biyu ne da rumfa. Rezo sai an hau tudu.

Ni da nake cika kunnen jama'a a rediyo kowace safiya, a nan ba mai ba ni fili. Inna ce mai gabatarwa. Takan ce wa 'ya'yana, "Wanda ya amsa mini da Faransanci, ba shi ba furata." Autar takan kumbura baki, ta lalubo kalma, Inna ta gyara tana dariya.

Bana Inna ta fara rikita sunayensu. Shi ya sa nake naɗar muryarta tana tsinkar zogale.