Salwar da Aka Sassare wa Ƙeya

Salwa tana da saurin girma, kuma saurin nan ne yake shammatar mai kiwo. Ƙwanta kwana 17 zuwa 18 yake yi ya ƙyanƙyashe. A sati na shida ko na bakwai macen ta fara ƙwai, namijin kuma ya fara cara da neman barbara. Tsuntsayen da jiya suke kwanciya a kan juna yau sun balaga, kejin kuwa yana nan yadda kafinta ya buga shi. Irin da muke kiwo a gidaje 'yar asalin Japan ce, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta shigo da ita Nijeriya a 1992. Daga baya aka yi yayin ƙwanta, kowa yana lissafa cututtukan da ake cewa yana warkarwa. Ni dai sha'awa ce ta sa na ajiye su, tawa da ta ƙaramar 'yata, wadda ta san kowace ɗaya da kamanninta da halinta.

Ita ce ta fara gani. Bayan sallar asuba ta je zuba musu abinci, sai na ji ta ƙwala kira: "Abba, zo ka ga! Jini!" Na tarar da wata 'yar macen a lungun keji ta cusa kai ƙasa. An saɓule mata fata tun daga ƙeya har tsakar ka, ƙoƙon kan yana bayyane, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Babban namijin yana tsaye da jini a baki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sauran: har matan da suke kwana tare da ita suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kai sara a wurin.

Haka tsuntsayen nan suke, su da kaji. Jan abu yana jan idonsu, kuma da zarar sun ɗanɗana jini ba sa bari. Wanda ya ga salwa da ciwo ya ce bari ya dawo daga aiki, gawa zai dawo ya tarar. Fitar da ita shi ne magani na farko, kafin ma a san da me za a wanke ciwon. Ɗaukar ma da yadda ake yi: a rufe fukafukan da tafin hannu, a bar ƙirjin sake. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, wanda ya matse shi don gudun kada ya kuɓuce zai iya shaƙe shi bai sani ba.

Maƙwabcina da ya jiyo hayaniya ya leƙo, ya duba ta, ya ce, "Malam, kawo wuƙa kawai, ko naman a samu." Ban ga laifinsa ba, haka aka saba yi wa kaza, kuma akwai inda maganarsa ce gaskiya. Idan ƙashin kan ya fashe, ko idanu biyun sun tsiyaye, ko tsuntsuwar ba ta iya ɗaga wuya, yankan shi ne jinƙai. Amma wannan tana tsayuwa da ƙafarta, tana bin motsin hannuna da idon da ya rage. Kuma ni na sa ta a keji. A fili da ta tashi ta bar masa wurin tun sara na farko. Waya ce ta tare ta. Wanda aka karanta masa hadisin matar da ta tsare kyanwa ya san cewa tsarewa tana zuwa da haƙƙi.

Na danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya. Na tafasa ruwa rabin lita, na zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, na bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Da shi na riƙa ɗiga wa ciwon ina kwashe ƙasa da guntayen gashin da suka manne, ina karkata kanta don kada ruwan ya bi hanci. Sannan na surka aidin da ruwa har ya koma launin shayin da bai ji ganye ba, na shafa a hankali, nesa da ido. Maganin nan mai launin shuni da masu kemis suke kira GV shi ma yana da amfani biyu: yana busar da ciwo, yana kuma rufe jan da ke kiran sara.

Shawarwari kuwa sun zo mini ta ko'ina, kuma a nan nake son mai karatu ya tsaya. Wani ya ce baƙin mai, wani ya ce toka, wata gwaggo ta ce a ɗiga kananzir. Duk ƙona naman suke yi, baƙin mai kuma guba ne ga tsuntsuwar da duk nauyinta bai wuce giram 150 da ɗoriya ba. Wanda ya fi haɗari shi ne maganin ciwon jiki na mutane. Diclofenac ɗin da ake sha kullum a gidajenmu shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, ta hanyar mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har ƙasar ta hana ba dabbobi shi a 2006. Abin da ya kashe ƙodar ungulu, ina ga salwa? Haka kuma fasa kafso a ruwan sha da ka, yadda ake yi wa kaji. Idan ciwon ya fara wari, ko ya kumbura yana ruwa, likitan dabbobi ne zai faɗi magani da adadinsa, ya kuma faɗi tsawon lokacin da za a daina cin ƙwan.

Ɗakin jinyarta kwali ne. Na shimfiɗa tsohon tawul, na huda ramukan iska, na rufe saman da yankin gidan sauro, na ajiye shi a ɗaki mai ɗan duhu inda yara ba sa kai da komo. Gidan sauron saboda ƙuda ne. Da zafinmu na bazara, ƙuda ya sauka a ɗanyen ciwo, wayewar gari sai tsutsa. Kiyashi ma ba ya raina jini, don haka a kan tebur kwalin ya kwana. Rufi mai taushi yana da wani amfanin: salwa in ta razana sama take zabura kai tsaye, kuma kan da ba fata ba zai jure bugun katako ba.

Ruwa ya fi abinci gaggawa. Na zuba a murfin kwalba, na riƙa tsoma mata bakin ina sakewa har ta fara haɗiya da kanta. Ba a buɗe bakin tsuntsu a ɗura masa ruwa, don ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, ɗigo kaɗan ya isa ya sauka huhu. Da ta fara karɓa sai na jiƙa abincinta ya yi laushi, na murmusa gwaiduwar dafaffen ƙwai a kai. Ƙwai kuwa ta daina yi, kuma na ji daɗin hakan. Duhu yana rage wa mace yin ƙwai, ƙarfin da za ta kashe a can sai ya koma wajen gina fata.

Daren farko 'yata ta ƙi kwanciya. "Abba, za ta mutu?" Na ce mata rai na Allah ne, mu dai mun yi abin da ya wajaba a kanmu. Da safe muka ji ƙwas-ƙwas a cikin kwalin, tana tsattsagar abinci.

Warkewar tsuntsu tana da ban mamaki. Ciwon ya yi baƙin ɓawo mai muni, wanda hannu yake ƙaiƙayin ɓamɓarewa, amma barinsa shi ne daidai. A ƙarƙashinsa fata take tahowa daga gefe-gefe har ta haɗe. Idon da na ɗauka ya tafi, kumburi ne kawai ya rufe shi. Cikin 'yan makonni kan ya rufe, gashi ya fito, sai ɗan wurin da ya zauna sanƙo har yau.

Likitan dabbobin da na kai wa ita bai daɗe a kan ciwon ba. Kejin ya yi ta tambaya: maza nawa, mata nawa, faɗinsa nawa, fitila tana kwana a kansu? A nan asalin maganar take. Namijin salwa in zai yi barbara gashin ƙeyar macen yake kamawa da baki. Idan mata sun wadata, kamun yana rarrabuwa a kansu. Idan sun yi kaɗan, ƙeya ɗaya ce take shan wahala har ta tsage. Shi ya sa ake haɗa namiji ɗaya da mata huɗu ko biyar. 'Yan tsaki kuwa a gauraye ake sayensu, ba mai iya bambancewa a satin farko. Daga sati na uku ƙirji yake nunawa: na namiji ja-ja ne ba ɗigo, na mace mai ɗigo-ɗigon baƙi. Fararen salwa kuwa ba sa nunawa a gashi, sai sun balaga a ɗan matsa ƙasan wutsiya, namiji ya fitar da farin kumfa.

Bayan yawan maza akwai cunkoso, da haske mai ƙarfi dare da rana, alhali awa 14 zuwa 16 ya ishe su. Akwai abinci: salwa mai ƙwai tana son furotin kusan kashi 20 cikin ɗari, dusa da gero kaɗai ba za su ba ta wannan ba, kuma wadda jikinta yake nema takan koma figar 'yan'uwanta. Akwai zaman banza. Da na sa musu faranti da yashi suka riƙa birgima, na jingina ɓallin tukunya da damin ciyawa inda mai gudu za ta ɓuya, na ƙara mazubin abinci na biyu a ɗaya gefen, sai kejin ya yi shiru. Wasu masu gonaki yanke musu tsinin baki suke yi. A ganina mai tsuntsaye goma a tsakar gida ba shi da wannan uzurin, gyaran keji ya fi sauƙi.

Saura shi mai saran. Mutane sukan cire wadda aka ji wa ciwo su bar shi yana mulki, kwana biyu ya zaɓi wata. Na ware shi shi kaɗai na wani lokaci, na mayar da shi ina tsaye a kansa, nan take ya nufi kan wata da sara, ba da niyyar barbara ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na yanka shi, kuma na zaunar da 'yata na gaya mata dalili, ban ce mata ya gudu ba.

Ita kuwa mai jinyar ban jefa ta cikinsu kai tsaye ba, don salwa tana ɗaukar wadda ta daɗe ba ta nan a matsayin baƙuwa. Ƙaramin keji na ajiye a jikin nasu, suna ganin juna ta waya, sannan wata rana da magariba na sauya wa kayan kejin wuri na sake ta.

Masu sayar da 'yan tsaki, don Allah ku riƙa gaya wa mai saye abin da zai faru a sati na shida. Kai kuma da kake da salwa 'yan wata ɗaya a gida, ka je yau ka duba ƙirjinsu, ka ƙirga mazan.