Ruwan Gwal da Harshenmu

Duk macen da ta taɓa sayen sarƙa a kasuwar Katsina ta san bambancin gwal da ruwan gwal. Ni kuwa kalmar "ruwa" ɗin nan ce ke ba ni sha'awa, domin Bahaushe bai faɗe ta a banza ba. Cikin ruwa ake narkar da gishirin zinariya, a tsoma ƙarfe, a saki lantarki, zinariyar ta bi ta lulluɓe shi. Wani mutumin Italiya, Luigi Brugnatelli, shi ya fara yin haka a 1805.

Abokaina masu karatun kimiyya a nan Batagarawa sun bayyana mini inda aikin ya kai yau. Da wannan dabara ana haɗa zinariya da filatinam a ƙwayoyin da sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. Wani lokaci ƙarafan biyu su gauraya, wani lokaci zinariya ta zauna ciki, filatinam ya yi mata riga. Hikimar rigar ita ce, fuskar filatinam kaɗai ke hanzarta haɗuwar sinadarai, saboda haka kaɗan ya isa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da ke damuna. Maƙeran farfaru sun raɗa wa kayan aikinsu suna, mu kuwa ko sunan ƙwayoyin nan ba mu tsayar ba. In 'yan sashen Hausa ba mu zauna da malaman kimiyya mun yi wannan aiki ba, ƙannenmu za su tashi suna zaton Hausa ce ta gaza.