Yanayin Gulaben Ƙasar Sakkwato

Kusan duk gulaben da ke shayar da ƙasar Sakkwato daga gabas da kudu maso gabas suke gangarowa, daga tudun nan mai faɗi da ya shimfiɗu tsakanin Funtuwa, Gusau da Katsina. Gulbin Sakkwato ya faro ne kusa da Funtuwa. Gagare, Bunsuru da Gulbin Maraɗi su ne suka haɗu suka zama Rima, Zamfara da Ka kuwa suka bi ta kudu. Wannan tudu shi ne mararrabar ruwa: abin da ya zuba ta gabashinsa Challawa da Hadeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi, na yamma kuma ya nufi Kogin Neja.

Ƙarƙashin tudun tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kwatarkwashi. Dutse ba ya shan ruwa, don haka da zarar hadari ya sauka, ruwan sai ya kwararo gaba ɗaya, jajawur, ɗauke da yashi da ƙasar gonaki. Daga Yuni zuwa Satumba gulbi a cike yake. Kaka na wucewa ya fara ja baya, kafin bazara ya zama filin yashi, shanu na ratsawa, masu ɗibar yashi na shiga da tifa. Ruwan bai ƙare ƙaf ba, yana kwance cikin yashin. Mai neman sa yakan yi tono kamu biyu ko uku, ya dakata ya tsattsafo, ya kwarfa da ƙoƙo.

Bayan Talata Mafara ƙasa takan sauya, halin Gulbin Sakkwato ma ya sauya da ita. Nan duwatsun yashi ne da laka da farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Kalambaina ana siminti, sama kuma marmara ta rufe. Irin wannan ƙasa tana tsotse ruwan damina ta ajiye, sannan ta riƙa sakinsa a hankali ta idanun ruwa. Tafkin Kware misali ne. Shi ya sa daga wajen birnin Sakkwato, inda gulbin ya haɗu da Rima, zuwa Argungu da Birnin Kabi, ruwa ba ya yankewa ko da rani. Gangara ta ragu, gulbin ya rage gudu, yana ta lanƙwasa, yana rabuwa yana sake haɗuwa cikin fadamar da faɗinta ke kai kilomita da dama. Lakar da yake zubewa duk shekara ita ce arzikin shinkafa, albasa da rake, gurabun da yake bari kuwa su ne na masunta.

Dingyaɗi, Sifawa da Boɗinga suna kan tudu ne kudu da birnin Sakkwato, nesa da babbar fadama. Ruwan wannan yanki koramu ne na damina, masu cin gaɓa su bar kwazazzabai, sai tafkuna da rijiyoyi. Can wajen Shagari akwai Gawon Gulbi, wanda aka yi wa madatsa don noman rani. Manomin wannan shiyya ya fi dogara da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa fiye da wanda ke gudu a samanta, abin da masu tsara ayyukan ruwa ba koyaushe suke ba shi muhimmanci ba.

Manyan madatsu sun taɓa wannan tsari. An kammala ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Sun samar da ruwan sha da na noman rani, amma sun rage malalen da fadamun da ke ƙasa da su suka saba samu, kuma yashin da tudu ke turowa yana ta taruwa a cikinsu. Ambaliya ma ba ta kau ba. A Satumban 2010 Rima ya tumbatsa, ya ci ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.