Babur da taɓon damina a Nasarawar Burkullu

Idan marka ta kankama a watan Agusta, kwaltar da ta taso daga Anka ta ratsa Nasarawar Burkullu ta nufi Daki Takwas da Gummi ita ce gatanmu. Da ka sauka daga kanta ka nufi ƙauyukan Bukkuyum, sai yadda Allah ya yi. Ga laka mai riƙe taya, ga fadamu sun cika, ga rafukan da a rani yara ke wasa a yashinsu sun kai gwiwa. Mota ba ta shiga. Mai naƙuda da buhun taki da tsohon da za a kai asibiti, duk a bayan Boxer ko Honda suke fitowa, ɗan kabu-kabu na tafe yana dogara ƙafa a caɓi.

A Amurka akwai babura masu ƙafa huɗu da aka ƙera domin irin wannan hanya. Kamfanin Honda ya fitar da mai ƙafa uku a 1970, daga baya masu huɗun suka maye gurbinsa. Da yawan masu hawansu a can nishaɗi ke kai su cikin taɓo, in sun dawo su wanke su adana. Mu kuwa babur mai ƙafa biyu, irin Boxer da Bajaj ta Indiya ta ƙera, shi muke ɗora wa wannan aiki kowace rana, kuma da shi ake ciyar da gida. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya dawo daga daji ya jingine shi da laka har wuya ya tafi majalisa.

Ƙannena masu kabu-kabu, da ku nake. Yawancin ɓarnar taɓo ba a hanya take faruwa ba, a gida take faruwa bayan an iso. Injin babur ɗinku iska ke sanyaya shi, ta waɗancan tsage-tsagen da ke jikinsa. In laka ta bushe a kansu zafi ba ya samun mafita, gobe ka tashi da inji yana dahuwa ba ka sani ba. Yashin da ya shiga sarƙa ya haɗu da mai kuwa, cin ƙarfe yake yi, ya cinye sarƙar ya cinye haƙoranta, sai ka ji tana tsalle a tsakiyar hawa da fasinja a baya. Ka bari injin ya huce, ka wanke shi da bokiti da tsumma, ka goge sarƙa da kalanzir ka sa mata mai. Kada ka tura shi cikin gulbi da sunan wanki: ruwa zai kori giris daga boris, man da ya fita kuma ya ɓata ruwan da shanu da mutane ke sha.

Babbar magana ita ce ranar da babur ya mutu a tsakiyar ruwa. Abin da hannu da ƙafa ke saurin yi shi ne a buga kik. Don Allah kada ka buga. In ruwa ya bi ta wurin shan iska ya shiga inji, fistin ba ya iya matse shi yadda yake matse iska da fetur, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe, aikin da zai ci ɗan kuɗi kaɗan ya koma sauke inji. Tura shi tudu. Cire fulogi, ɗaga tayar gaba ruwan salansa ya zube, tsiyaye kafireta, matse soson tace iska ka shanya shi, sannan ka buga kik ba fulogi har ruwan ya gama fesowa. In ka isa gari ka duba baƙin mai. Ka gan shi ya koma kalar shayi mai madara, to ruwa ya gauraya da shi, a yi juye a ranar, ko da jiya aka zuba shi. Birki ma in ya jiƙe ba ya kamawa, sai ka riƙa taka shi a hankali kana tafiya har ya bushe, tun kafin ka iso inda yara ke tsallaka titi.

Ruwan da ke gudu kuma, in ya kai cibiyar taya, a haƙura a jira ya janye ko a nemi masu fito. Ba mu manta da kwale-kwalen manoman da ya kife a Gummi a watan Satumba na 2024 ba, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba kuɗin fasinjan da ya kai a yi jayayya da ruwa irin wannan.

Na san abin da za ku ce: da wane kuɗi? Gaskiyarku ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 komai na babur ya tashi, daga baƙin mai har taya, ga rashin tsaro ya rage hanyoyin da ake iya bi da lokutan da ake iya fita. Da yawanku ma baburan ba naku ba ne, balas kuke kaiwa kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Saboda haka ina roƙon iyayen gidan da suka ba da babura, ku ɗauke wa yaran nan kuɗin juye daga Yuli zuwa Satumba, dukiyarku ce kuke tsarewa. Mu fasinjoji kuma, in ɗan kabu-kabu ya ƙara wani abu a kan kuɗin rani bayan ya fito da mu daga fadama, mu ba shi ba gardama. Mu muna sauka mu wanke ƙafa, shi kuwa akwai bakanike a gabansa kafin magariba.