Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Kiristan Adar da Faɗin Gaskiya

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza har duwatsun Keita, Kirista ɗan tsiraru ne a cikin tsiraru. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, jihar Tawa kuwa ba ta fita daga wannan lissafi ba. Wanda ke bin Almasihu a nan, ko malamin makaranta ne da aka turo aiki, ko ma'aikacin asibiti, ko ɗan ƙasa da ya gaji addinin daga iyaye, rijiyarsa ɗaya da Musulmi, kasuwarsu ɗaya, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Shi ya sa tambayar da ta daɗe tana yawo a majami'u take da nauyi na musamman a bakinsa: idan ya ji ana koyar da abin da ya tabbata ɓata ne, ya fito fili ya tsawata, ko ya kame bakinsa don a zauna lafiya?

Tambayar tana da tarihi. Mishan ɗin SIM ta fara zama a Damagaram a 1924, ta bazu zuwa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan a 1950 ta buɗe asibitin Galmi a kan babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Madawa. Daga wannan aiki ikilisiyar EERN ta fito a farkon shekarun 1960. Mutanen Adar da yawa ta ƙofar asibiti suka fara sanin Kirista: mai duba mara lafiya, mai ɗaure rauni, wanda bai cika ɗaga murya ba. Dattawan ikilisiya sun tashi a kan wannan tarbiyya, suna ganin halin mutum ya fi bakinsa iya wa'azi. Daga baya sababbin majami'u suka shigo, wasu ta hanyar Najeriya, da lasifika da shirye-shiryen rediyo, da matasa masu ganin shirun dattawa tsoro ne kawai aka sa wa rigar ladabi.

Kowane ɓangare yana da hujja. Matashi yakan ce gaskiyar da aka ɓoye ba ta amfani kowa ba. Dattijo kuma yakan tuna masa da abin da ido ya gani. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka cinna wa majami'ar Vie Abondante wuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen wata jaridar Faransa da babu hannun Kiristan Nijar a ciki, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Babu kalmar da ta halatta ƙone ɗakin ibada, kuma alhakin wutar yana wuyan wanda ya kunna ta. Amma wanda ya san yana zaune a cikin busasshiyar ciyawa dole ya lura da inda yake zubar da toka.

Inda muhawarar ke rikicewa shi ne haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Akwai ɓatan da ke tasowa a cikin gida, akwai kuma bambancin da ke tsakanin gida da maƙwabta. Wanda ya duba Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa da Hausa tun 1932, zai tarar mafi yawan tsawatarwar manzanni a kan ƴan gida ta sauka. A sura ta 2 ta wasiƙar Galatiyawa, Bulus ya ba da labarin yadda ya tsaya wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya, domin Bitrus ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba. Laifin a fili aka yi shi, yana kuma raba ikilisiya, don haka a fili aka gyara. A sura ta 18 ta Ayyukan Manzanni kuwa, da Akila da matarsa Bilkisu suka ji Afolos yana wa'azi a Afisa da ilimin da bai cika ba, gefe suka ja shi suka ƙara masa haske, ba su kunyata shi ba. Matiyu sura ta 18 ta jera matakan: a fara da mutum shi kaɗai, sannan a zo da shaida ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikilisiya. Gyara wajibi ne ke nan, amma kowane ciwo da irin maganinsa.

Ɓatan cikin gida kuwa ba ya buƙatar dogon bincike. Akwai mai wa'azin da ke gaya wa matar da ta sayar da akuyarta cewa baikon da ta bayar zai dawo mata ninki goma kafin kaka. Akwai wanda ke ce wa mai tarin fuka ya bar shan magani domin an riga an yi masa addu'a, alhali asibitin da masu bi suka gina yana nan a Galmi. Akwai wanda ke nuna tsohuwa da yatsa ya ce ita ce mayyar da ta hana jikarta haihuwa. A nan shiru ba tawali'u ba ne, haɗin baki ne. Malamin makarantar da ke zaune a benci na gaba, wanda ya fi kowa iya karatu a majami'ar, idan ya sunkuyar da kai don kada a ce ya raina fasto, to ya bar mai rauni a hannun mai wayo. Abin mamaki shi ne sau da yawa wanda ke da zafin baki a kan addinin maƙwabci shi ne ke yin gum a kan wannan, domin sukar na nesa ba ta da tsada, gyaran na kusa kuwa yana iya raba mutum da abokin cin tuwo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata ya fara hawa rufin.

Manomin albasa na kwarin Majiya ya san wannan ba tare da an karanta masa ba. Idan ya zuba amfanin gonarsa a rudu yana jiran farashi ya tashi, yakan leƙa lokaci-lokaci ya tsame wadda ta fara ruɓewa, domin in ya bar ta za ta shafi sauran. Amma da hannu yake tsamewa a hankali, ba da sanda ba, saboda albasar da aka buge ita ma ruɓewa za ta yi. Kuma rudunsa yake dubawa, ba ya tsallaka ya zazzage na maƙwabci.

Game da maƙwabci Musulmi, Kirista ba shi da dalilin ɓoye abin da ya gaskata. Idan aka tambaye shi a majalisar shayi ko a ɗakin malamai, sai ya amsa dalla-dalla, kada ya murɗe don a yaba masa. Musulmi ma ba ya girmama mutumin da ke jin kunyar addininsa. Amma bayyana imani daban ne da muzanta abin da wani yake riƙe da shi da tsarki. Na farko shaida ce, na biyu neman faɗa ne, kuma ba a taɓa jin wanda zagi ya sauya wa zuciya ba. Wanda ya ɗora lasifika yana aibata addinin garin, gobe yana iya hawa mota ya tafi, ya bar gwauruwar da ke sayar da ƙosai a bakin majami'a ta biya bashin bakinsa.

Ƙasar Madawa kanta tana da darasi a kan wannan, daga tarihin Musulunci. A nan ƙabarin Malam Jibril ɗan Umar yake, malamin Shehu Usman ɗan Fodiyo. Malam Jibril ya tsananta har yana kafirta Musulmin da ke aikata manyan zunubai. Shehu bai yarda da wannan ra'ayi ba, ya kuma rubuta rashin yardarsa a fili, amma bai daina yabon malaminsa da ambaton falalarsa a kansa ba. Ya raba kuskure da mai kuskure, ya gyara na farko, ya riƙe mutuncin na biyu. Shekaru fiye da 200 ke nan, amma Kirista da Musulmi duka suna da abin koyo a ciki, musamman a zamanin da wa'azin minti biyu ke zagaye wayoyin gari kafin a idar da sallar magariba.

Amsar tambayar, ke nan, ita ce Kirista ya tsawata, amma ya san wa, ya san ina, ya san kuma don me. A cikin ikilisiya ya yi ƙarfin hali, ya fara a keɓe, in abin ya ƙi ya fito fili, musamman idan lafiyar talaka ko dukiyarsa ce ke cikin haɗari. A wajen ikilisiya ya faɗi imaninsa ba tsoro, ya kiyaye harshensa daga cin mutunci. Kafin ya buɗe baki kuma ya auna zuciyarsa: so yake ɗan'uwansa ya dawo hanya, ko so yake a ce shi ya ci muhawara?

Nauyin koyar da wannan bai tsaya a kan fastoci da limamai kaɗai ba. Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu su ne ke da yara a hannu tun suna ɗanyu. A ajin da ɗan Kirista ɗaya ke zaune cikin yara sittin, a nan ake koyon yadda mutum zai ce bai yarda ba ba tare da ya zagi kowa ba, da yadda zai ji an ce masa ya yi kuskure ba tare da ya ɗauki dutse ba. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ya kuma ba mu ladabin faɗinta.