Dalar Mutane A Dandalin Marrakesh

Mai karatu, in kana cikin masu cewa tsalle da alkafurar da ake gani a fim duk siddabarun kyamara ne, to Allah ya kai ka Marrakesh ta ƙasar Maroko, ka tsaya a dandalin Jami'ul Fana bayan La'asar.

Daga Kasablanka na hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa 3. Ba ka buƙatar ɗan jagora a garin, domin hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77 ita za ta nuna maka hanya, dandalin yana kusa da ita. Wuri ne fetal, ga masu wasa da maciji, ga masu ba da labari, ga masu matsar lemo, hayaƙin gashi ya turnuƙe sama. A 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya wajaba a adana.

Ma'abota fim ba baƙi ba ne a nan. Darakta Alfred Hitchcock ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa The Man Who Knew Too Much na 1956 a wannan fili. Bikin finafinan Marrakesh kuma, wanda aka fara a 2001, ya sha kafa majigi a nan ana nuna finafinan Indiya, don su ma kamar mu suke wajen son Indiya. A 2011 ma bikin ya karrama Shah Rukh Khan.

Amma ni abin da ya tsayar da ni daban ne. Wasu samari na gani cikin jajayen kaya masu ratsin kore, jama'a sun yi musu zobe. Babu katifa, babu igiya, sai tsurar daɓe. Ɗaya ya taho a guje ya dinga alkafura yana zagaya filin kamar tayar keke. Can sai wani kakkaura ya tsaya a tsakiya ya kafa ƙafafu. Biyu suka maƙale a ƙugunsa, wani ya hau kafaɗarsa, sannan ƙaraminsu ya tattaka su ya haye can ƙololuwa. Kai jama'a! Dala sosai kamar ta gyaɗa, amma ta mutane.

Kowa na yi wa na sama tafi, ni kuwa na ƙasan nake kallo. Jijiyoyin wuyansa sun tashi, gumi na zuba, amma ko gezau. Ya san in ya ɗan karkace, ɗan mutane ne zai faɗo da ka. A nan babu daraktan da zai ce a sake ɗauka.

Ana kiran irin waɗannan 'yan wasa 'ya'yan Sidi Ahmad u Musa, wani waliyyi da ya rayu a ƙarni na 16, kabarinsa yana Tazarwalt a yankin Sus na kudancin ƙasar. Ba lallai jininsa ba ne, sana'ar ce ake dangantawa da shi. Tun yaro yana ƙarami, jikinsa da taushi, ake damƙa shi hannun malami. Tun ƙarni na 19 'yan wannan layi suke wasa a Turai da Amurka.

Na sha kunya fa. Na gama ɗaukar hoto zan sulale, sai na ƙasan nan ya miƙo mini hula yana haki, ya ce, "Ɗan'uwa, kallo kyauta ne, amma kafaɗa tana cin abinci." Na zuba abin da ya sawwaƙa ina sunkuyar da kai.

A hanyar masauki sai 'yan koroson Kano suka faɗo mini a rai. Su ma suna lanƙwasa jiki, suna ɗaga juna sama, kacau-kacau na amo a ƙafa. Amma sau nawa ka ga an ba su gurbi na gaske a fim ɗin Hausa? Sai mu sa jarumi ya yi dukan da ko yaro ba zai yarda ba, ga gwanaye a bayan gida.

Furodusoshinmu, a neme su, a biya su haƙƙinsu, a rubuta sunansu a ƙarshen fim. Ku kuma 'yan kallo, kada wani ya ce zai gwada a tsakar gida ba malami. Wuya guda ɗaya ne.